Wa Ya Matsar da Jar Takarda?

Ranar da suka fara ganin juna da faɗa suka buɗe, kuma a gabana aka yi. Kada wani ya zo ya ce muku wai kallon so aka yi. Kallon so ina! Harara ce tsagwaronta.

Ofishin a ƙasan gidanmu yake. Ɗana ne mai kamfanin, Babba nake ce masa. Ya ɗauki matasa biyar suna rubuta abin nan da ake sa wa waya, manhaja. Tun da ƙafata ta kumbura likita ya ce kada a riƙa barina ni kaɗai a sama, sai aka ajiye mini kujera a lungun ofishin, tsakanin firij da taga. Nan nake yini. Ban san bihim ba a karatu, amma idona ba ya zuwa hutu.

A bango akwai farin allo da aka raba gida uku da baƙin layi. Gidan hagu na aikin da za a yi, na tsakiya na wanda ake kan yi, na dama na wanda aka gama. Kowane aiki da 'yar takardarsa mai manne. Kullum da safe sai su taru gaban allon a tsaye ƙiƙam kamar masu jiran mota, ga kujeru birjik, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da wanda zai yi yau, da abin da ya tare masa hanya. Na ce me kujeru suka yi muku? Suka ce wai in an zauna surutu ya yi yawa. Na ce ashe dai kun san halinku.

Dokarsu biyu ce. Duk mako biyu akwai ranar da suke ce wa ranar zaɓe, su da kansu suke zaɓar aikin da za su iya ɗauka, in sun liƙa babu mai ƙara musu har makon biyun ya cika, ko da mai kamfani ne. Sannan babu takardar da ke shiga gidan dama sai da hannun mai gwaji, don duk abin da ya shiga nan, ranar Alhamis ake sakinsa ya tafi wayoyin jama'a.

Mai gwajin nan jikata ce, 'yar Babba. Allura ake ce mata. Siririya ce, kuma duk ƙanƙantar kafar da ke aikin mutum sai ta bi ta cikinta.

Shi kuwa sabon ma'aikaci ne, kwanansa uku da zuwa, ita kuma ranar ta dawo daga hutu. Dogo ne, rigarsa kullum a goge, takalminsa kamar daga rami aka tono shi. Da safen nan Allura ta dubi allo ta ga wata koriyar takarda a gidan dama.

"Wa ya kai wannan nan?"

"Ni ne," in ji shi. "Na gama."

"Wa ya ce maka ka gama?"

"Aikin ne ya ce mini. Yana tafiya lafiya lau."

"A kwamfutarka yake tafiya. Miƙo wayar can."

Ta danna nan, ta danna can, ta juya wayar a kwance, sai abu ya mutu murus. Su in aiki ya lalace ƙwaro suke ce wa laifin.

"Ƙwaro uku cikin minti ɗaya," in ji ta. Ta ɓanɓare takardar ta mayar tsakiya, ta buga ta da tafin hannu har allon ya girgiza. "A gidan nan, malam, ba a yi wa kai shaida."

Na ɗauka zai yi zuciya. Sai ya karɓi wayar ya danna wani wuri, ya miƙa mata.

"Ranki ya daɗe, huɗu ne. Ɗayan ya tsere miki."

Wayyo! Da kun ga fuskar yarinyar nan. Ranar ko abinci ba ta ci ba, ta zauna tana tonon aikinsa har sai da ta samo na biyar, ta je ta dangwara masa a kan tebur.

Haka suka yi wata biyu. Ita tana tono, shi yana gyara, suna musu kamar kaji biyu a akurki ɗaya. Sai na lura in ya tashi shan ruwa kofi biyu yake cikawa. Sai na lura in wayarta ta yi ƙara tana juya mini baya.

Na ce, "Ke, ko ki karanta mini, ko in ba babanki wayar ya karanta mana gaba ɗaya."

"Kaka, ke fa ba ki da dama."

"Na sani. Karanta."

Ga abin da ya rubuta: "Allurata, na gyara duk waɗanda kika kama. Saura guda ɗaya da ya shiga ƙirjina tun ranar da kika buga allon nan. Na yi iya yina ya ƙi fita. Ina neman mai gwaji."

Na ce, "Tir! Mu a zamaninmu ba a haɗa mace da ƙwaro. Me kika ce masa?"

Ta karanta nata tana danne dariya: "Ba ya cikin aikin makon nan. Ka kawo shi ranar zaɓe, in an ga da wuri a liƙa."

Ya mayar mata: "Zan jira, gimbiya. Ko mako biyu ne, ko shekara biyu."

To, da an bar su haka da an huta. Amma akwai Babba.

Ɗan nan nawa ba mugu ba ne, sai dai bakinsa ya fi ƙafarsa sauri. Babban aikin da suke yi na ƙungiyar teloli ne, shago arba'in, manhajar da ke riƙe musu awon mutane da ranar karɓar kaya. Babba ya je ya haɗu da shugaban telolin, aka ɗan yabe shi, sai ya ɗauki alkawarin ƙarin abu: wai da tela ya gama ɗinki, saƙo ya tafi wayar mai kaya da kansa. Ya dawo a tsakiyar mako, ana cikin taron tsaye, ya rubuta a jar takarda ya liƙa a allo.

"Wannan nake so kafin Alhamis."

Kowa ya sunkuyar da kai. Sai dogon nan ya ce, "Tukuna, Yallaɓai."

"Me ka ce?"

"Na ce tukuna. Mun riga mun ɗauki kayan makon nan. In muka ɗora wannan, wani zai faɗo. Ka bari ranar zaɓe, shi za mu fara ɗauka."

"Ni da kamfanina?"

"Naka ne, Yallaɓai. Kai kake faɗa mana abin da ya fi muhimmanci, mu muke faɗin nawa wuyanmu zai ɗauka. Da bakinka ka yarda da haka."

Ya cire takardar a hankali, ya miƙa masa da hannu biyu. Hannu biyun nan ne ya fi ƙona wa Babba rai. Daga ranar sunan yaron ya koma Tukuna, har ni ban ƙara kiransa da wani ba.

Ranar zaɓe suka ɗauki jar takardar kamar yadda ya ce. Amma Babba ya riga ya ƙullace shi.

Da Allura ta sa uwarta ta faɗa masa cewa Tukuna take so ta aura, a kan matakala na jiyo ihunsa.

"Wa? Wanda ya mayar mini da takarda gaban ma'aikatana? Yau ya ce mini tukuna a ofis, gobe ya ce mini tukuna a cikin gidana? Ba da ni ba!"

"Baba, gaskiya fa ya faɗa," in ji Allura daga bakin ƙofa.

"Ke ma ya koya miki ko? To ki ji da kyau. In dai ni na haife ki, ba shi ba ke."

Bai tsaya nan ba. Ya je ya ɗauko ɗan wani abokinsa, wai ya zo ya sa ido a kan yaran. Wannan ko rana ta raba tsaka yana cikin kwat, ga turare kamar an fasa kwalba. Ɗan Kwat na sa masa. Da zuwansa ya ce kowa ya riƙa rubuto masa abin da ya yi duk awa ɗaya. Yarinyar da ke musu zane ta ce, "To a awar da muka ɓata muna rubuta maka, me za mu rubuta?" Bai ji daɗi ba.

Allura kuwa ya manne mata kamar ƙaska. Yau ya kawo mata cakulan, gobe ya ce mace irinta ba ta dace da zaman tonon ƙwari ba, ofis mai ƙofa ya dace da ita. Cakulan ɗin ni nake shanyewa, shi ya sa ban kore shi da wuri ba.

Sai ranar Alhamis ɗin nan. Da hantsi Allura ta raka uwarta wurin likitan haƙori, ta ce ba za ta dawo ba sai gobe. Sauran suka fita cin abincin rana. Ofis ya rage daga ni sai Babba sai Ɗan Kwat, ana jiran shugaban teloli zai leƙo ya ga inda aka kwana.

Ɗan Kwat ya dubi allo ya ce, "Yallaɓai, gidan daman nan ya yi fayau. Baƙo zai ce ba ma aiki. Ga nasu ma har yanzu a tsakiya."

Babba ya miƙa hannu ya ɓanɓare jar takardar ya liƙa ta a dama. "In ya tafi sai a mayar."

Ina kallo. Na ɗauka irin gyaran ɗakin nan ne da ake yi wa baƙo, a tura tarkace ƙarƙashin gado. Baƙo ya zo, ya ga ja a dama, ya yi murna, suka fita tare suna ƙyaƙyata dariya. Babu wanda ya mayar da komai.

Tukuna ya dawo, ya tsaya gaban allo, ya yi ɗan murmushi. A ransa Allura ce ta gama gwaji kafin ta fita, tunda babu mai taɓa gidan nan sai ita. Ya zauna ya saki aikin.

Washegari tun ban gama saukowa ba na ji hayaniya. Teloli ne cike da ƙofa, wasu da tef a wuya, wani da almakashi a aljihun gaba. Ashe saƙo ya tafi wayar duk wanda ya taɓa kai ɗinki a shagunan nan arba'in, wai an gama kayanka, zo ka karɓa.

"Yadin nan ko yanka shi ban yi ba!" in ji wani gajere. "Matar ta zo da ƙannenta uku, suna zaune a shagona yanzu haka!"

"Ni wanda na ce masa kayansa suna wurin mai guga tun bara, shi ya fara zuwa!"

"Mu mun san yadda muke lallaɓa mutanenmu," in ji shugabansu. "Wa ya aike ku ku yi mana ƙarya da yawunmu? Tamu ba ta ishe mu ba?"

Da ƙyar aka rarrashe su suka tafi, aka tsayar da saƙon. Babba ya juyo idonsa jajir.

"Wa ya saki abin nan?"

"Ni ne," in ji Tukuna.

Allura ta shigo ke nan, jakarta ma ba ta ajiye ba. Ta dubi allo. "Wa ya kai jar nan dama?"

Na ga Tukuna ya ɗago ya dube ta, kallo ɗaya, ya mayar da kai ƙasa. Na ga Babba ya juya wa allon baya. Ɗan Kwat kuwa igiyar takalminsa ce ta kwance a daidai lokacin.

"Ni ne," in ji Tukuna. "Duk laifina ne. Kada a nemi kowa."

Babba ya ce, "To ka tattara naka ya naka. Daga yau ba ka aiki a nan."

Allura ta tako har gaban Tukuna.

"Ka tsallake ni? Ni? Bayan duk abin da muka yi? Na yi faɗa da ubana a kanka, na ce kai ne mai bin ƙa'ida ko da wuƙa a wuya. Na juya baya yini ɗaya, ka mai da ni hoto?"

Ya ɗauki jakarsa ya fita.

Ni duk wannan ban haɗa shi da abin da na gani ba. Takarda dai takarda ce, kullum ana cirewa ana liƙawa. Sai da yamma na same ta a ɗaki tana ninke kayan da ta riga ta ninke, tana buga su a kan gado.

"Karanta mini," na ce.

"Babu abin karantawa."

"Ke, ina wasa da ke?"

Ta karanta nata da haushi: "Kada ka ƙara kirana Allurarka. Mutumin da ya tsallake ni a kan takarda zai tsallake ni a kan komai."

Nasa kuma: "Ba zan kare kaina ba, don in na buɗe baki zan taɓa wanda ba na so a taɓa. Ki ci abinci, don Allah."

"Kin ji ko, Kaka? Wai in ci abinci! Ko haƙuri bai bayar ba!"

Na ce, "Tsaya. Wai duk masifar nan a kan wace takarda ake yi?"

"Jar nan ta teloli. Ban gwada ta ba, ya kai ta dama ya saki."

"Ja? Mai ɗan lanƙwasa a kunne?"

"Ita."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi a baya. Na ja sandata na nufi falon Babba, na tarar yana kallon labarai. Na tsaya tsakaninsa da talabijin.

"Inna, lafiya?"

"Ita ta kawo ni. Kai Babba, wa ya matsar da jar takarda?"

Ya fara gyara zama. "Inna, waɗannan abubuwan ofis ne, ba za ki gane ba."

"Ban gane rubutu ba, amma na gane hannu. Hannun nan ni na wanke masa majina. Da shi ka ɓanɓare ta, ka ce in baƙo ya tafi a mayar."

"Mantuwa ce."

"Mantuwa ce ranar Alhamis. Yau da safe fa? Ɗan mutane ya ɗauki kayanka a kansa, ka tsaya kana kallo, har ka ƙara masa da kora. Ka raba shi da abincinsa, ka raba shi da mutuncinsa, ka sa 'yarka tana zaginsa. Duk don ya taɓa ce maka tukuna?"

"Inna, girmana fa? In tsaya gaban yara in ce ni ne?"

"Girman da aka ɗora a bayan ɗan wani ba girma ba ne, hawan jaki ne. Yaushe suke zaman nan nasu na tone-tone?"

"Litinin."

"To ka faɗa da bakinka ranar Litinin. In ba ka faɗa ba, ni zan faɗa, kuma ka san ba na taƙaitawa. Zan fara tun daga ranar da ka fasa madubin maƙwabta ka ce kyanwa ce."

Zaman nan, waiwaye suke ce masa. Duk ƙarshen mako biyu sai su ja kujeru su kewaya, shi kam a zaune ake yi, a faɗi abin da ya yi kyau da abin da ya ɓaci, da yadda za a gyara. Ranar Litinin sai ga Tukuna ya shigo. Ɗan Kwat ya miƙe.

"Wannan ai an sallame shi."

Mai zane ta ce, "An sallame shi daga kamfani. Zaman nan namu ne, da shi muka yi makon biyun, mu muka kira shi. Kai ne ma ba mu gayyata ba, amma zauna."

Babba ya shigo ya raɓe a bakin ƙofa. Ni ina lunguna, sandata a kan cinya.

Aka fara. Allura ba ta jira an zo kanta ba.

"Tambaya ɗaya gare ni. Me ya sa ka ɗaga ta?"

Tukuna ya kawar da kai.

"Da kai nake! Ka dubi idona ka faɗa mini!"

Mai zane ta ce, "Ka san ƙa'idar zaman nan. Ba a zo kama ɓarawo ba, amma ba a ƙarya."

Ya numfasa. "Ban ɗaga ba. Na dawo na same ta a dama. Na ɗauka ke kika kai ta kafin ki fita."

"Ni?"

"Babu mai taɓa gidan nan sai ke. Da abin ya fashe, na ce ƙila sauri ya sa wani abu ya kuɓuce miki. Na ga gara a kore ni da a ce Allura ta yi sakaci."

Kun ɗauka za ta narke ko? Ba ku san jikata ba. Miƙewa ta yi har kujera ta faɗi.

"Sakaci? Ni? Kwana uku kana zaune kana tunanin ni na wuce da aikin da ban gwada ba? Wa ya roƙe ka ka rufa mini asiri? Ina da asirin da za a rufa ne? Da ka ɗaga waya ka tambaye ni, bakinka zai faɗi?"

"Ke ma ai ba ki tambaye ni ba, kika yanke."

"Kai ka ce kai ne!"

"Don ke na ce!"

"To ban gode ba!"

Mai zane ta ɗaga hannu. "Ku dakata. In ba shi ba ne, ba ita ba ce, to wa?"

Na buga sandata a ƙasa sau ɗaya. Na yi gyaran murya. Na fara, "Akwai wani madubi..."

"Ni ne," in ji Babba.

Duk suka juya.

"Ni na matsar da ita, don baƙo ya gani. Na manta ban mayar ba. Da safen Juma'a kuma na sani, na yi shiru."

Wayar Ɗan Kwat ta yi ƙara, ko kuma shi ya ce ta yi, don ni ban ji ba. Ya fita amsawa. Har yau bai gama wayar ba.

Allura ta dubi ubanta, hawaye na zuba amma muryarta a tsaye.

"Baba, ka bar ni na zage shi a gabanka."

"Na bar ki."

"Ka ce ba shi ba ni don ba shi da kunya. To yanzu wa..."

"Ke!" na ce. "Ubanki ne. Ya faɗa da bakinsa, ya isa. Sauran zagin nawa ne, ba naki ba."

Aka zauna aka yi abin da ya tara su. Suka yanke cewa Tukuna ya koma teburinsa. Rahoton awa-awa a daina. Mai kamfani ya faɗi abin da yake so ranar zaɓe, amma hannunsa kada ya ƙara taɓa allo. Babba ya ji duk wannan yana tsaye, kunnuwansa kamar za su yi hayaƙi.

"To ni mene ne aikina a nan?"

"Akwai babba kuwa, Yallaɓai," in ji mai zane. "Shago arba'in suna jiran haƙuri."

Kwana huɗu ya yi yana zagayen shagunan. Tukuna ya ce zai raka shi, tunda da hannunsa aka saki abin. Babba ya ce ba ya so. Ya bi shi duk da haka. Uwar Allura ce ta ba ni labarin da Babba ya ba ta: duk shagon da tela ya taso da zagi yana tambayar wane sakarai ne ya yi wannan, sai Tukuna ya riga shi cewa, "Mu ne, a yi mana haƙuri." Ko sau ɗaya bai waiwayi inda Babba yake tsaye ba.

Ita kuwa Allura mako guda ta yi ba ta kula Tukuna. Sai ranar nan na ga tana murmushi ita da waya.

"Karanta."

Nasa: "Allurata, na yi laifi biyu. Na zarge ki a zuci, na kuma yi ƙarya da sunan so. Ba zan ƙara ɗaukar kayan da ban tambayi mai shi ba. Ki hukunta ni yadda kika ga dama, amma ki bar ni a kusa."

Nata: "Hukuncinka ka sayi sabon takalmi kafin ka zo gidanmu. Na yi kewarka, Nawa. Kada ka faɗa wa kowa."

Na ce, "Ai kuwa ni ba kowa ba ce."

Ba a jima ba Babba ya tsaya a bakin teburin Tukuna, yana kallon silin kamar a can mutumin yake.

"Kana da manya?"

"Ina da su, Yallaɓai."

"To ka turo su. Kada kuma ka ce mini komai, don Allah. Ka turo su kawai."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Dangi suka cika gidan sama da ƙasa, aka ture kwamfutoci gefe aka shimfiɗa wa baƙi. Amarya ta yi kyau har na kusa yafe mata bakinta. Da za a tafi da ita, Babba ya kama hannun angon a gaban mutane, ya riƙe ya ƙi saki.

"Ban ba ka ita don ka iya aiki ba," in ji shi. "Na ba ka don na ga yadda kake yi da mutum in ya yi kuskure. Ita ma za ta yi wata rana."

"Ni?" in ji amarya daga cikin mayafi.

Aka kwashe da dariya, har shi Babban, yana share ido da hannun riga.

Suka durƙusa a gabana. Na dafa kawunansu na ce Allah ya ba ku zaman lafiya, in kuma lafiyar ta gagara, ya sa faɗanku ya zama na gaba da gaba, a yi shi da rana a gama da rana. Allah ya ba ku 'ya'ya masu albarka, ya sa su ɗauko haƙurin uban, su bar wa uwar bakinta.

"Amin, Kaka," in ji ango.

"Kai har da cewa amin?" in ji amarya.

Na ce ku tashi ku tafi, mota na jira, ku ƙarasa a gidanku.